Gyaran tsohon kafireto ko ɗaura sabo: amsa ga mai injin huɗa na Lamingo

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai lambu a wajen Lamingo, a Jos, ya kawo tambaya. Ya gaji injin huɗa na hannu ƙirar Merry Tiller, mai ɗauke da injin Briggs & Stratton na ƙarfin doki 5, ya daɗe ajiye a sito. In ya rufe cok ya ja igiya yana tashi, yana buɗe cok sai ya mutu. Bakanike ya ba shi zaɓi biyu: ko a wanke tsohon kafireton a gyara, ko a cire shi a ɗaura sabo ɗan Sin irin na janareto da injin ban-ruwa. Wanne ya fi?

Malam, ni dai shawarata ka fara da gyaran tsohon. Ba wai don da tsohuwar zuma ake magani ba. Dalilin shi ne su biyun nan ba hanya ɗaya suke shan mai ba, kuma wanda ya ce maka cirewa da ɗaurawa ne kawai bai duba injin da kyau ba.

Leƙa naka ka gani. In kafireton yana zaune a kan tankin mai, an ɗaure su tare, to irin wanda kamfanin Briggs ke kira Pulsa-Jet ne, wanda aka fi samu a tsofaffin injinansu masu doki 5. Ba shi da kwano a ƙasa, ba shi da fulot, wato abin da ke yawo a kan mai yana rufe hanyarsa in kwano ya cika. Bututu biyu ne ke sauka daga jikinsa zuwa cikin tanki, dogo da gajere. Dogon yana janyo mai daga gindin tanki ya zuba a wani ɗan kofi da ke can sama a cikin tankin, gajeren kuma ya ɗauka daga kofin ya kai wa inji. Abin da ke wannan famfon wani ɗan fallen roba ne siriri, dayafiram, da ke gefen kafireton ƙarƙashin murfi mai sukuru huɗu, da ɗan sifirin ɗinsa. Duk zuƙar da fistan ya yi sai robar ta motsa. In inji ya yi shekaru a ajiye, robar nan bushewa take yi ta sandare, ragar da ke bakin bututun kuma ta toshe da daskararren tsohon fetur. Abin da ka kwatanta, wato tashi da cok da mutuwa in an buɗe, alamar mai ne ba ya isa.

Sabon da ake sayarwa a Dilimi da sauran shagunan kayan janareto kwaikwayon na Honda GX160 da GX200 ne, wanda ke kan injinan Sin masu lamba 168F. Shi kwano gare shi da fulot da allura, kuma ba ya janyo mai da kansa, sai dai mai ya gangaro masa daga tankin da ke sama da shi. Naka tankin a ƙasa yake. Ke nan kafin sabon ya yi aiki sai an nemo wani tanki an yi masa mazauni a sama, an ja tiyo, an yanka ƙarfen da zai haɗa bakinsa da bakin inji tunda ramukan notinsu ba su dace ba, an sake wa matatar iska wuri. Duk wannan mai walda zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji. Sandar gwamna da sifirinta an auna su ne da totur ɗin tsohon kafireto, don su riƙe inji kada ya wuce juyi kamar 3,600 a minti. In aka lanƙwasa waya aka haɗa da ka, ko dai injin ya riƙa hawa da sauka, ko garma ta fito daga ƙasa ya zabura da gudun da zai karya kwanrod, sandar da ke riƙe da fistan. Tsohon inji ba ya yafe wannan.

Sai batun tudunmu, wanda masu ba da shawara daga wasu garuruwa ba sa sawa a lissafi. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas ko ta Abuja kauri ba. Littafin Honda da kansa ya ce ƙarfin inji na raguwa da kusan kashi 3.5 cikin ɗari a duk hawan mita 300, ka ga a nan mun rasa wajen kashi 14 tun ba a fara huɗa ba. Kafireton da aka saita don gaɓar teku yana ba da mai fiye da iskar da ke shiga: fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa ɗan hayaƙi, mai ya tafi a banza. A sabon, babban jet ɗin rami ne da aka huda a masana'anta, ba ka da abin murɗawa sai ɗan sukurun silo. Tsohon kuwa yana da allurar saiti da za ka rage ko ka ƙara mai da sukudireba, har ya dace da iskar Lamingo. A wurina wannan kaɗai ya isa a ba shi dama.

Gaskiya kuma sabon yana da nasa. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, duk yaron bakanike a Farin Gada ya san cikinsa, in ya lalace ka jefar ka sayi wani a ranar. Dayafiram ɗin Briggs ba kowane shago ke da shi ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet ko an sa wani ya nemo a Legas. In kabejinka da karas na jiran huɗa a makon nan, jiran kaya asara ne. Kuma kada ka yarda a yanka maka shi daga tsohon tub na babur: ya yi kauri, fetur kuma yana kumbura shi.

Kafin ka kashe ko sisi, ga gwaji mai sauƙi. Cika tankin maƙil da sabon fetur daga gidan mai, ba na 'yan bumburutu ba. In tanki ya cika har wuya, mai yana malalawa cikin ɗan kofin nan da kansa. Idan injin ya yi aiki lafiya, sannan da man ya ɗan sauka ya mutu, to dayafiram ne ko dogon bututu. Idan ko da cikakken tanki bai tsaya ba sai da cok, to gajeren bututun ne ko ramin allura ya toshe, ko kuma iska na shiga ta inda bai kamata ba.

Wurin kwancewa, ɗauki hoton sandar gwamna da sifirin da wayarka tukuna, don ramin da kowanne ya shiga yana da muhimmanci. Sauke kafireto da tanki tare, sannan ka raba su. Haska cikin tankin da tocila. In akwai tsatsa, zuba kananzir da 'yan notuna ka girgiza sosai, ka ɗauraye har ya fito tas, in ba haka ba gobe ragar za ta sake toshewa. Cire duk wata roba kafin ka fesa maganin wanke kafireto. Kada a jiƙa shi a soda ko ruwan batir, jikinsa ƙarfe ne mai laushi, cinye shi za su yi. Kada kuma a zura allurar ɗinki a ramin jet, faɗaɗa shi take yi. Silin waya mai laushi da iskar famfo sun isa. Ɗaga bututun a hasken rana, in ba ka ga haske ta ragar ba, ba ta wanku ba. Sabon gasket tsakanin tanki da kafireto dole ne.

Da ka mayar, murɗa allurar saiti ciki a hankali har ta taɓa, ban da matsewa, don bakinta na lalacewa. Dawo da ita zagaye ɗaya da rabi, a nan ake tayarwa. Bari inji ya yi zafi, ka shigar da ita kaɗan-kaɗan har ya fara sarƙewa, ka fito da ita har ya fara gurnani da hayaƙi, sai ka tsaya a tsakiya. Ka wanke soson matatar iska ka shafa masa ɗan baƙin mai ka matse, don ƙurar hunturu ita ke cinye inji.

Akwai inda zan ce ka haƙura da tsohon. Kama sandar totur ka girgiza ta gefe da gefe. In tana rawa sosai a raminta, iska na shiga ta nan, kuma ba wankin da zai gyara shi. Haka in jikin ya tsage ko zaren sukuru ya cinye. Ko a nan ma ba na janareto zan nuna maka ba. Ana ƙera kwaikwayon Pulsa-Jet ɗin kansa, mai hawa kan tankinka da gwamnanka ba tare da walda ba, duk da ingancinsu ya bambanta. In kuma injin na shan baƙin mai yana farin hayaƙi, igiya na zuwa sakwa-sakwa ba nauyi, to matsalar ta wuce kafireto. Gara a sauke injin gaba ɗaya a ɗaura cikakken 168F da tankinsa da gwamnansa, a daidaita fuli da bel.

Duba jikin murfin da igiya ke ciki, za ka ga lambobi kashi uku an buga a ƙarfe: Model, Type da Code. Na doki 5 yawanci yana farawa da 13, kamar 130202. Lambobi biyu na farkon Code su ne shekarar ƙira. In ta gaza 1982, mai yiwuwa wutarsa ta kontak ce a ƙarƙashin fulawil, don a shekarar ne Briggs suka koma wutar Magnetron marar kontak, sai a goge kontak ɗin tun da an buɗe. Turo mana lambobin da hoton kafireton ta gefen murfin nan mai sukuru huɗu, a gane dayafiram da gasket ɗin da za ka yi oda.