Gargaɗi: gidan haya suka sayar a Maitama, naira miliyan 265 ta tafi

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, zuciya ce ke tafasa. Naira miliyan 265. Abin da wasu 'yan damfara suka karɓe ke nan daga hannun wani bawan Allah ɗan kasuwa, a kan gida mai ɗaki 6 a Maitama, gidan da ba nasu ba, ba na ubansu ba, hayarsa kawai suka kama ta mako 2. Miliyan 265, kuma ko ƙusar ƙofa bai mallaka ba. Mu da muke cin abinci a harkar gidaje a Abuja kunyar nan tamu ce, domin duk matakin da muke ce wa mutane su bi, an bi shi.

Tun kafin masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala su fara, ku tsaya ku ji. Ba araha ce ta hauka ba. An sa gidan miliyan 950, aka yi ta ciniki har kwana 4 kafin a tsaya a miliyan 850. Wane ɓarawo ne yake jan ciniki kwana 4 a kan abin da ba nasa ba? An je an ga gida sau 3, har da dare. An ɗauki lauya. An kai safiyo ya duba duwatsun iyaka, lambobinsu suka yi daidai da taswirar da ke jikin takardar mallakar gidan. An duba lambar fuloti, an duba shiyya, A06, daidai. An shigar da takardar neman bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja tun 2003, sakamako ya fito tas: sunan mai gida daidai, girman fili daidai, gidan zama ne, shekara 99, babu jingina, babu ƙorafin kowa a kai. To me kuma ake so mutum ya yi? Wannan ba wawa ba ne, kuma lauyansa ba ɗan koyo ba ne.

Abin da ya kashe kowa magana ɗaya ce. Wanda aka gabatar a matsayin mai gida dattijo ne fari, da furfura, da carbi, yana zaune a babban falo. Aka kawo maganar kafin alƙalami, ya ɗaga hannu ya ce: kada ku ba ni ko kwabo sai kun je kun yi bincike, garin nan ya lalace. Shi da bakinsa. Kada ku ba ni ko kwabo. Wa zai ji wannan ya yi zargi? Ga maigadi ya durƙusa yana barka da dawowa ranka ya daɗe. Ga hotunan iyali a bango. La'asar ta yi, ya ce a tashi a yi salla, har yana nuna wa baƙi famfon da ya fi ruwa a bayan gida. Kada ku ba ni ko kwabo sai kun yi bincike. Ashe ya faɗa ne domin ya san abin da binciken zai nuna.

Ga yadda suke ɗinka ta. Suna neman babban gida wanda mai shi ba ya ƙasar, ya bar shi a hannun masu kula da gidaje ana ba da shi haya ta kwanaki. Irinsu sun cika Maitama da Asokoro da Guzape. Sai su kama haya, su biya cif, kuɗin da bai kai komai ba in aka kwatanta da abin da suke hari. Sai su nemi kwafin C of O na gidan, wato takardar shaidar mallaka, kuma wannan ba wuya: duk gidan da aka taɓa sawa a kasuwa, ko aka taɓa neman rance da shi, kwafin takardarsa yana yawo a wayoyin dillalai. Daga kwafin nan suke buga ta bogi, da lambar fayil ta gaskiya, da suna na gaskiya, da kwanan wata na gaskiya. Sai a yi katin shaida da sunan mai gidan, a manna hoton dattijonsu. Maigadi a ba shi na goro, ko ma a ce masa ɗan'uwan mai gida ne ya zo.

Shi ya sa binciken ya fito tas. Bincike yana tabbatar maka fili na wane ne. Ba ya tabbatar maka mutumin da ke zaune a gabanka shi ne wanen. Fayil ɗin gaskiya ne, gidan gaskiya ne, mutumin ne ƙarya, kuma babu wanda ya bincike shi. Nan ne ramin da miliyan 265 ta faɗa.

Na tsallake wani abu. Kafin sakamakon binciken ya fito, a'a, washegarin fitowarsa ne, domin ranar Alhamis aka karɓo shi, dillalinsu ya kira yana haki wai wani ya taso daga Legas da kuɗi a hannu. Sai aka tura miliyan 20 a riƙe gida. Wannan ita ce ta farko. Ta biyu miliyan 235, domin a cika kashi 30 cikin 100 na miliyan 850, wato miliyan 255, aka rattaba hannu a yarjejeniya cewa za a cika sauran cikin kwana 60. Sai la'ada. Kashi 5 cikin 100 ne, miliyan 42 da rabi, kuma a al'adar sana'a ba a biyan ta sai ciniki ya kammala. Amma dillali ya marairaice, wai su 5 ne a layin, wai yara sun matsa masa, aka ba shi miliyan 10 tsaba a jaka. 20 da 235 da 10. Ku lissafa da kanku. Ita wannan ta jakar ma an taka doka, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Yanzu babu rasit, babu sawu.

Kuma tun a miliyan 20 ɗin farko alama ta fito, sai dai ido ya rufe. Sunan da ke kan takardar gida na mutum ne, asusun da aka bayar kuwa na kamfani ne. Aka tambaya, dattijo ya yi murmushi ya ce kamfanin iyali ne, saboda haraji. Kowa ya gyaɗa kai, domin manya da yawa haka suke yi. Da a ranar aka duba rajistar kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aikin da ba ya cin yini guda, da an ga watanninsa kaɗan da yin rajista, kuma sunan mai gidan ba ya cikin daraktoci. Sai bayan an yi ɓarna aka duba. Ihu bayan hari.

Asalin takarda fa? An nuna wadda suka ce ita ce. An ɗaga ta a falo, an shafa ta, an ga hatimi, an mayar da ita jaka, wai sai ranar cikon kuɗi. Ba a kai ta ofis an gwada ta da wadda ke fayil ba. Kwafi aka yi bincike da shi. Kada ku ba ni ko kwabo, in ji shi, amma takardar ba ta taɓa barin hannunsa ba.

Yadda asiri ya tonu abin takaici ne. Mai saye ya tura injiniya ya auna kicin domin gyara, ya tarar da wasu baƙi da akwatunansu, da wani yaro mai kula da gida yana tambayarsa wa ya aiko shi. Hotunan bango babu su. Maigadi ya ce ai mutanen nan sun tashi tun ranar Lahadi. Layukan waya 3 duk a kashe. Mai gida na gaskiya yana Ingila, bai taɓa sa gidansa a kasuwa ba. Kafin a kai ƙorafi banki a nemi umarnin kotu na rufe asusu, an riga an watsa kuɗin zuwa ƙananan asusu barkatai, an mayar da wasu dala.

Kuma ko da mutumin na gaskiya ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a falo ba ta mayar da gida naka. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce ba a miƙa mallaka sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa ministan babban birnin tarayya. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar wakilci da mai sayarwa ya ba su, su jefa a durowa don gudun kuɗin rajista, sunan tsohon mai gida ya ci gaba da zama a fayil shekara da shekaru. Irin wannan sakacin ne yake ba 'yan damfara ƙofa, domin gida ɗaya sai a sayar wa mutum 3. Ga na gado, da ɗa ɗaya zai sayar ba da sanin sauran magada ba. Ga wanda bashin harajin ƙasa ya ci: a watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun mallakar fili 4,794 saboda rashin biyan sa na shekara 10 ko fiye, kuma Maitama da Asokoro suna ciki. Amma duk waɗannan da sauƙi, aƙalla akwai wanda za ka kama.

Hotunan hirar 'yan damfarar da mai saye ta WhatsApp, da shaidar tura miliyan 20, da ta miliyan 235, da takardar bogin gefe da gefe da kwafin ta gaskiya, duk suna nan. Zan ɗora su da zarar lauya ya ba da izini, bayan an rufe sunan mai gida da lambar fuloti, domin shi ma an zalunce shi. Magana tana hannun hukuma, don haka kada kowa ya tambaye ni suna. Masu cewa ƙirƙira ce, ku jira.

Shawara kuwa ba ta da yawa. Ku binciki mutum, ba takarda kaɗai ba. Ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta 2 ku nuna musu hotonsa. Ku nemi tsofaffin rasit na harajin ƙasa da na wuta da na ruwa, da takardar izinin gini. A kai asalin takarda ofis tare da mai ita. Sunan asusu ya zama sunan da ke kan takarda, harafi da harafi, in ba haka ba a tashi. Kuɗi kuma ta takardar biyan kuɗi ta banki da sunan mai gida, a miƙa ta rana ɗaya da karɓar asalin takardu da makullai. La'ada sai an gama.

Dattijon nan yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, dillalin kuma yana yawan cewa ciniki na sirri ne, mai gida ba ya son a san yana cikin matsi. An ce an sake ganin su wajen Guzape da wani gida mai wurin ninƙaya.