Murɗa alminiyom da kofa ko a sa lag, wanne ya fi?

Ɗan uwa da ka tambaya ko za ka iya murɗa wayar alminiyom da ta kofa (jan ƙarfe) ka naɗe da tef, ko sai ka nemi lag mai ƙarfe biyu, wato kan ƙarfen da ake matsewa a bakin waya don a ɗaure ta da noti, to ga yadda suke.

Murɗawar dai ranar farko wuta za ta kawo lafiya lau, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma alminiyom da ka fere shi iska ta taɓa shi, nan take yake yin wata 'yar fata a samansa, ido ba ya ganinta kuma wuta ba ta bi ta cikinta. Sannan in lodi ya hau waya ta ɗau zafi alminiyom ya fi kofa buɗewa, in kofa ta buɗe da awo 17 shi sai ya buɗe da wajen 23, yau ya kumbura gobe ya koma har murɗin ya saki, ga shi da laushi in an danne shi a hankali yake zamewa. Danshi na shiga tsakaninsu kuma sun zama ƙaramin batir ke nan, alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Na sha kwance tef in tarar da farin gari kamar toka, robar ta narke ta manne, wayar na marmashewa a hannuna. Wallahi abin na ba ni tsoro, don ko a Amurka gidajen da aka yi wa wayarin da alminiyom tsakanin 1965 da 1973 a wajen haɗi gobara ta riƙa tashi.

Shi kuwa lag ɗin, bututunsa alminiyom ne, tafinsa, wato faffaɗan wajen da ake ɗaure noti, kofa ne, tun daga masana'anta aka like su ba ƙofar da ruwa zai shiga. Ka goge wayar da burushin ƙarfe, ka shafa giris ɗin hana tsatsa nan da nan kar ka tsaya hira, ka zura har ƙarshe ka matse da injin matsa lag daidai sayis ɗinsa. Don Allah ban da guduma! Notin kuma ka ɗaure iya awon da kamfanin ya rubuta, in ka wuce gona da iri ma lalacewa yake.

Ni dai lag nake sawa. Kuma ka duba kaurin wayar, wajen barin wuta ta wuce alminiyom kashi 61 cikin ɗari ne kawai na kofa, inda kofa 10mm² ta isa sai ka sa alminiyom 16mm².