Wane Littafin Sarfu Za Ka Fara Saya?

Wani ƙanena ya dawo daga kasuwar Wunti da littattafan sarfu, wato ilimin juya kalmomin Larabci, har guda huɗu a leda, yana murna. Na duba, na ce masa: "Ɗan'uwa, uku daga ciki sai nan da shekara biyu za ka buɗe su." Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa masu niyyar saye abin da za su duba tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Sarfu ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Hukunci, hakimi, hikima da hukuma duk daga harufa uku suka fito: ha, kaf, mim. Aikin littafin da za ka saya shi ne ya nuna maka yadda ake ɗora irin waɗannan harufa a kan ma'aunin fa'ala, a juya fi'ili ta sigogi 14, daga huwa (shi) har zuwa nahnu (mu).

Mai farawa, ni Matnul Bina nake ce masa ya ɗauka. Ɗan ƙarami ne, ya fi sauran araha, kuma ya jero babuka 35, shida na farko su ne na fi'ili mai harufa uku tsura: nasara yansuru, daraba yadribu, fataha yaftahu, da sauransu. Aibinsa ɗaya, bai cika bayani ba, kuma fi'ilai masu harafin illa (alif, wawu ko ya) irin su ƙala da rama ya taɓa su ne sama-sama. Nan Tasriful Izzi na Zanjani ya fi shi, don shi ya zauna ya warware yadda ƙawala ta koma ƙala. In kuɗinka na biyu ne, haɗa su.

Lamiyyatul Af'al ta Ibnu Malik, wanda ya rasu a 672 bayan Hijira, baitoci 114 ce, kuma ita malaman zaure suka fi so. Amma kada ka sayi matanin shi kaɗai. Waƙe ne a dunƙule. Na san wanda ya haddace ta tas, aka ce ya juya fi'ilin wa'ada zuwa umarni ya tsaya yana susar ƙeya. Nemi wadda ke ɗauke da sharhin Bahraƙ, sannan ka nemi malamin da za ka durƙusa gabansa bayan Asuba. Haka Hisnur Rasin na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mai baitoci wajen 1000. Abin alfaharinmu ne, sai dai tuwon manya ne, ba a fara yaye da shi.

Ɗalibin kwalejin shari'a ta Misau ko na jami'a, Shazal Arfi na Ahmad Hamalawi zai fi yi masa amfani a jarrabawa. Ma'aikacin da sai dare yake samun lokaci kuwa, Durusul Luga na Dakta Abdurrahim, mai juzu'i 3, ya fi dacewa da shi, don fi'ilan a cikin jumla suke zuwa. Sai dai ma'aunan fi'ili mai ƙarin harafi a kan tushensa sai a juzu'i na uku za ka tarar da su, ka yi haƙuri.

Yanzu ga inda mutane ke yin asara: bugu. A sarfu wasali shi ne komai. Tsakanin alima da ulima da allama babu bambanci sai wasali da shadda. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin a gaban mai shago, ka duba ko fataha da rufu'a sun fito fes. Wasu kwafe ne daga kwafe, tawada ta cinye su, wani lokaci ma shafi biyu sun ɓace. Ka ƙirga lambobin shafi. Ka kuma zaɓi mai fili a gefe, don nan za ka rubuta fassarar malam.

Ƙamus kuma bari sai ka gama Bina. Mu'ujamul Wasit da irinsa a kan tushen kalma aka jera su. Wanda bai san ittasala daga wasala ta fito ba zai wuni yana nemanta a ƙarƙashin alif. Manhajojin waya da ke juya fi'ili suna da amfani wajen duba amsa, amma ka fara rubuta naka a takarda tukuna.

Ƙanen nawa dai ya mayar da biyu, aka musanya masa da Izzi da littafin rubutu mai shafi 80.