Weaver K4: tsohon madubin bindiga mai jurewa, in an iya zaɓe

Cikin tsofaffin madubin bindiga da kan faɗo hannun mafarauta a Damagaram, Weaver K4 ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau. A garin El Paso na jihar Texas a Amurka aka fara ƙera shi a 1947, har masana'antar can ta rufe a 1984. Gane na asali ba wuya. Bututunsa ƙarfe ne, maganaɗisu na kama shi, kuma an buga sunan Weaver da K4 a jikinsa. Wanda aka yi daga baya a Japan na alminiyom ne, bai kai shi nauyi ba. Lambar 4 na nufin yana jawo abu kusa sau huɗu, ba a ƙarawa ba a ragewa. Ƙarfinsa ke nan: kayan ciki masu motsi kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan.

Harbi ba ya cika kashe shi, zafi da ƙura ne ke cin sa. Gilasan ciki manne suke biyu-biyu da wani ƙaro. In madubi ya sha rana a cikin mota a watan Afrilu, ƙaron kan saki, sai ka ga rawaya-rawaya ko zane kamar saƙar gizo-gizo a gefen gilashi. Ka haska tocila ta gaba, ka leƙa ta baya. In ka ga haka, bar shi, gyaransa ya fi kuɗinsa. Sai ka buɗe murfin maɓallan saiti biyu, na sama da na gefe, ka murɗa. Kowane taku ya kamata ka ji shi ƙas, yana matsar da harsashi kamar milimita 7 a nisan mita 100. In maɓalli ya cije, man ciki ne ya bushe, kada ka sa masa filaya. Layukan saitin kuwa siririyar waya ce. Buga bututun a tafin hannu a hankali, in ta yi rawa ko ta karkace, ta kusa tsinkewa.

Wurin ɗaurawa ake yawan ɓarna. Kaurin bututun inci ɗaya ne, milimita 25.4. Zobban Turai na milimita 26 kamar sun yi daidai, amma ba sa riƙewa, harbi kaɗan madubin ya zame. A bar kamar santimita 8 tsakanin ido da gilashi, don kada ya sari gira. Wajen saiti, cire harsashi, zare sakata, leƙa ta cikin bututun bindiga zuwa alama a mita 25, daidaita madubi a kanta, ka yi harbi uku kafin ka koma mita 100. Kada a ɗora shi kan bindigar iska mai sifirin, bugunta gaba da baya yana kwance gilasai.

Da rana tsaka hotonsa tas yake. Da almuru ne yake gazawa, domin tsohon gilashi bai kai na yanzu shigar da haske ba. Lokacin hunturu a hure ƙura kafin a shafa ƙyalle, in ba haka ba yashi ya karce gilashin har abada. Kafin saye kuma a tabbatar da takardar bindiga, sannan a samu izinin farauta daga ma'aikatan gandun daji, kamar yadda dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta tanada.