Batirin ruwa ko na roba a zafin Birnin Kebbi

Batirin litiyam da masu sola ke sayarwa a Birnin Kebbi ruwan sinadari ne ke kai caji tsakanin kawunansa biyu. Yana da sauri da araha, sai dai yana iya kamawa da wuta, kuma zafin Afrilu kan tsufar da shi da wuri.

A na polima kuwa, siririn fallen roba ke wannan aiki, ba yoyo. Masanin kimiyya Michel Armand na Faransa ya kawo shawararsa tun 1978, amma batirin ba shi da sauri: irin na robar da ake kira PEO sai an ɗumama shi zuwa digiri 60 ko 80 kafin ya saki jiki. Ko bazarar Kebbi ba ta kai nan ba! Ni dai a yanzu, mai shago ya riƙe na ruwa, ya ajiye shi a inuwa.