Na'urar "shuuu" ta kwantar da jariri: wata uku ina amfani da ita

'Yata tana da kwana goma sha biyu a duniya na sayi na'urar nan mai fitar da sautin "shuuu", kamar ƙarar ruwan sama ko ta fanka. A jikin kwalin an rubuta cewa jariri zai yi ta barci har gari ya waye. Wannan alkawari bai cika ba, kuma bai kamata a yi wa mai jego shi ba tun farko. Duk da haka ban yi da-na-sanin sayenta ba.

Inda ta yi mini rana shi ne wajen shigar barci. A da sai na gaji da jijjiga, ina ajiye yarinyar a gado, ko wani ya turo ƙofa, sai ta zabura ta tsala kuka. Da na fara kunna sautin, sai in ga jikinta ya saki, motsin gida ma ya daina firgita ta. Ba abin mamaki ba ne, domin cikin uwa ba wurin tsit ba ne. Watanni jariri ya kwashe yana jin bugun zuciya da gudun jini. A wani bincike na 1990 kan jarirai 40, kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka kunna wa irin sautin sun yi barci cikin minti biyar, a rukunin da ba a kunna wa ba kuwa kashi 25 kacal.

Tashin dare kam yana nan daram. Cikin sabon jariri ɗan mitsitsi ne, yana neman nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, kuma jikinsa bai rarrabe dare da rana sai wajen wata biyu zuwa uku. Duk bayan awa biyu ko uku takan farka, in shayar da ita, sai dai komawa barcin ya zo da sauƙi. A wurin wadda idonta ya yi ja don rashin barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin sautin. A 2014 masu bincike a Toronto sun gwada irin waɗannan na'urori 14. Da aka ƙure su, a tazarar santimita 30, dukkansu sun haura desibel 50 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), iyakar da ake bi a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun wuce 85. Tawa tana da maƙali na ratayawa a jikin gado, kuma takardarta ba ta ce uffan ba a kan kunnen yaro. Na cire maƙalin, na mayar da ita can nesa, kusan mita biyu, na rage sautin yadda zan iya jin numfashin 'yata. Fitilarta mai shuɗi ma na kashe, ta cika haske. Batirin dai ba laifi, caji ɗaya yana kai ni asuba.

Kwanciya kuwa ban sassauta ba ko sau ɗaya: a rigingine, kan katifa mai tauri, babu matashi babu bargo, gadonta a gefen nawa.

Makon nan 'yata ta fara yin barcin awa biyar a jere. Girma ne ya kawo haka a ganina, amma har yanzu ina kunna na'urar kafin in ajiye ta, in kashe idan barcin ya yi nauyi.