Shokazoba da sifirin: abin da ake sayarwa a Jamus da abin da hanyar gida ke buƙata

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Saƙon da ya fi yawan zuwa wa mazauna Jamus daga masu mota shi ne a aiko musu da shokazoba "mai ƙarfi, irin na Turai". Kafin kowa ya tura kuɗinsa, ya kamata ya san cewa abin da Bajamushe ke nufi da inganta ƙafar mota ya sha bamban da abin da direban Kano zuwa Katsina ke nema.

A nan, mai son gyara ƙafar motarsa yawanci so yake ta sauka ƙasa ta yi tauri. Sifirin na kamfanin Eibach ko H&R kan rage tsayin mota da milimita 30 zuwa 40, don ta kama kwalta a kwana da lokacin gudu a babbar hanya. Ku ɗora wannan a kan Golf ɗin da ke ɗaukar mutum shida da buhuna a but, ta bi hanya mai ramuka, za ku ga botom filet da salansa suna sharar ƙasa, shokazoban kuma yana dukan ƙarshensa a kowane rami har ya fara yoyon mai. Kaya ne masu kyau, amma ba a yi su don hanyarmu ba. Duk kwalin da aka rubuta Tieferlegung a jikinsa, na saukar da mota ne, ku bar shi.

Abin da ya dace da gida shi ne wanda ke barin mota a tsayinta na asali ko ya ɗan ɗaga ta. Kamfanin Bilstein mai yin shokazoba ya sauƙaƙa zaɓi da lambobi: B4 daidai yake da wanda motar ta fito da shi, B6 ya fi ƙarfi amma tsayin bai canza ba, B8 kuwa na motar da aka saukar ne. Ga mai yawan lodi da doguwar tafiya, B6 ne. Akasarinsa mai bututu ɗaya ne, man da ke ciki a rabe yake da iskar gas, don haka ba ya kumfa idan ya ɗauki zafi. Wannan batu ne babba a wurinmu, domin shokazoba mai bututu biyu idan ya sha zafin watan Afrilu da girgizar hanyar burji, mansa kan yi kumfa ya saki, motar ta dinga lilo. Sai dai B6 yana da tsada kuma za a ji tauri a kujera. Mai motar gida da ke zirga-zirga cikin gari, Sachs ko KYB ko Monroe na asali sun ishe shi. Volkswagen ma tana da nata tsarin na miyagun hanyoyi, Schlechtwegefahrwerk, wanda ke ɗaga mota kaɗan, kuma ana samun sifirin ɗinsa da lambarsa. A ganina shi ne abin da ya fi cancanta a nema wa masu Golf da Passat da Sharan.

Inda Jamus ta yi mana nisa shi ne yadda ake sayen kaya. A Ƙofar Ruwa ko Panteka, bakanike kan ɗauki tsohon ya je ya gwada da ido. A nan ba mai sayar maka sai da lamba: lambar shasi, ko lambobi biyu da ke cikin takardar mota, HSN da TSN. Dalili kuwa, mota ɗaya tana iya fitowa da ƙafa iri-iri. Golf 5 kaɗai, shokazoban gabanta akwai mai kaurin milimita 50 akwai mai 55, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Sifirin ma yana da ɗigon fenti a jikinsa da ke nuna nauyin da aka yi shi dominsa. Saboda haka mai son a aiko masa ya turo hoton lambar shasi, ya goge sifirin ya ɗauki hoton ɗigon, ya kuma auna kaurin shokazoban. Masu Camry kuma su sani an daina sayar da ita a yammacin Turai daga 2004 sai 2019, yawancin na gida daga Amurka suka zo, don haka kayansu daga can ya fi sauƙin samu.

Sabon kaya a nan yana da kariyar doka ta shekara biyu idan ya zo da aibi. Kuma ba a canza ƙafar mota yadda aka ga dama: sai kayan na da takardar amincewa, wani lokaci ma sai an kai motar wurin masu bincike irin su TÜV sun duba sun shigar a takarda. Kowace shekara biyu ana binciken mota, shokazoba mai yoyo ko karyayyen sifirin ba ya wucewa. To ku tambayi kanku, wanda aka cire ina yake zuwa? Wani ɓangarensa kan shiga kwantena ya iso kasuwa da sunan ɗan Beljiyam. Ga shi kuma ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, yana cin sifirin ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ƙofa ko fitila ɗan Beljiyam ba laifi, amma shokazoba kaya ne mai ƙarewa kamar birki, ba a san kilomita nawa ya ci ba.

Ta fuskar aiki kuwa gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin awa ɗaya a garejin dillali a nan ya haura yuro 100, shi ya sa suke cire hannun ƙafa gaba ɗaya su jefar, alhali bakaniken gida zai fitar da bushin ɗin kawai ya matsa sabo. Wannan gwaninta ce ta gaske. Abin da ke ɓata aikin shi ne gajerun hanyoyi: huda shokazoba a ɗura masa mai, cusa guntun taya tsakanin zoben sifirin, ko canza ɓari ɗaya a bar ɗayan. Dole a canza biyu tare, hagu da dama, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe idan an taka birki. A haɗa da robar sama da shokazoban ke rataye a kai, da robar da ke tare dukan ƙarshe, da rigar ƙura. Ita rigar ƙurar ba ta da tsada, amma a ƙurar hunturu ita ce ke hana yashi goge sandar shokazoban ya cinye sil, wato robar da ke hana mai yoyo.

Wajen ɗaurawa akwai abubuwan da garejin nan ba sa wasa da su. Ba a kama sandar mai sheƙi da filaya, don tabo ɗaya ya isa ya jawo yoyo. Mai bututu biyu a tsayar da shi a danna a ja sau huɗu ko biyar kafin a saka. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota nauyinta ya hau tayoyi; idan aka ɗaure tana kan jak, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni, a ɗora laifin a kan kaya. Sifirin kuma a matse shi da abin matsewa na ƙarfe, ba igiya ko waya ba, domin idan ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fuska. Bayan an gama a je alaimen ranar, kafin sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Masu son ɗaga mota da zoben ƙari a saman sifirin, kada su wuce milimita 20 zuwa 30 a ƙaramar mota, in an wuce shaf da boljoin ne za su biya. Batun aikowa kuma, shokazoba na ɗauke da gas a matse, kamfanonin jirgin sama kan ƙi karɓarsa cikin kayan fasinja, don haka a shirya turo shi ta kwantena daga Hambog ko Antuwap, a kuma ba shi makonni kafin ya iso.